Ina Ruwan Ɗakunan Gwaje-gwajen Jami'o'inmu Yake Zuwa?

Kwanakin baya na kai wa wani ɗan'uwa ziyara a wata jami'a inda yake karatun kimiyyar haɗa sinadarai. Na same su sun gama gwaji, kowa yana juye abin da ya rage a kwalabarsa cikin kwatami, ya buɗe famfo ya kora. Na ce masa, Malam, wannan ruwan ina ya nufa? Sai ya yi dariya ya ce, sokawe mana.

To ya 'yan'uwa, a nan gizo ke saƙa. Sokawe rami ne da aka yi domin ƙasa ta tsotse ruwa, kuma ƙasar nan ce dai ake haƙa rijiya da burtsatse a cikinta. Ruwan ɗakin gwaji kuwa ya sha bamban da na wanka ko wanke-wanke. A cikinsa akwai asid, akwai fomalin da ake adana gawa da shi, akwai zaiba da dalma da kuromiyom. Ƙazantar bayan gida ƙwayoyin bakteriya suna cinye ta da lokaci, amma ƙarfe ba ya ruɓewa, sai dai ya taru a ƙasa, ya shiga alayyafo da latas, daga nan ya shiga cikin mutum. Wanda ya san lambunan bakin Jakara a Kano ya san da irin ruwan da ake ban-ruwa. Kuma ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400. Haƙiƙa abin da ke fita daga ɗakin gwaji bai kai wannan yawan ba, amma gubar ita ce dai.

Abin da nake kira a kai shi ne a fara da awo. Mun saba a ƙasar nan idan an ce matsala sai a ba da kwangilar gina tanki, alhali ba wanda ya san abin da za a zuba a ciki. Wane likita ne ke rubuta magani kafin ya duba majiyyaci? A ɗebi ruwan daga bututun kowane sashe daban, lokacin da ɗalibai ke tsaka da gwaji da kuma lokacin hutu, domin ruwan sashen likitanci daban yake da na kimiyyar ƙasa. A auna tsaminsa, wato pH, wanda ake so ya tsaya tsakanin 6 da 9. A yi gwajin BOD na kwana 5, da gwajin COD, sannan a auna ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Abin mamaki, shi kansa gwajin COD da sinadarin kuromiyom da na zaiba ake yin sa, don haka mai awon ma idan bai kula ba zai ƙara wa ruwan guba.

Sakamakon awon ne zai nuna maganin. Idan tsami ya yi yawa, farar ƙasa irin ta shafen bango tana kashe shi, kuma tana sa ƙarafa da dama su kwanta a ƙasan tanki a kwashe. Idan aka tura ruwa mai ƙarfe kai tsaye cikin tafkin tacewa na bakteriya, to ƙwayoyin za su mutu, kuɗi ya tafi a banza. Mafi sauƙi ma shi ne a ajiye jarka mai alama a kowane ɗaki, kada abin ya taɓa shiga kwatami tun farko.

Hukumar NESREA tana nan tun 2007, amma ba sai an jira ta ba. Malamai da na'urorin awon duk suna cikin jami'a. 'Yan'uwa ɗalibai da ke ajin ƙarshe, masu yawon neman abin da za su rubuta kundi a kai, ga shi nan a bayan tagar ɗakin gwajinku. Ku auna, ku miƙa wa shugaban sashe sakamakon a rubuce, ku ajiye kwafi a hannunku.