Ra'ayinmu: Kafin A Kai Tsohuwar Fijo Wurin Mai Fenti

Yau maganarmu ba ta farashin bijimi ba ce, ta mota ce, amma kuɗin da za ta ci daga jarin shanu za su fito, shi ya sa muka ga ya dace ta shigo wannan shafi.

A gidajen ƴan ƙungiyarmu da dama, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Ƙwanni, akwai tsohuwar Peugeot 504 mai dogon baya, wadda muke ce wa Fijo familiyal. Wata tana aiki har gobe, wata tana ƙarƙashin rumfa kaji na ƙwai a cikinta. Akasarinsu na iyaye ne, da su aka ci kasuwannin Abalak da Maigatari da Illela shekara da shekaru. To yanzu sun faɗo hannun ƴaƴa, gardama kuma ta tashi. Wasu sun ce a kwance ta gaba ɗaya, a kankare fenti, a sa sabon inji, a sake kujeru, ta dawo kamar amarya. Wasu sun ce a bar ta da kamanninta, a dai kula da lafiyarta. Mu muna tare da na biyun, amma da sharaɗi, kuma ga dalilanmu.

Da farko mu san abin da ke hannunmu. An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, mai dogon bayan kuma ta biyo a 1971. Familiyal tana da layin kujeru 3, na mutum 7 ne, ko da yake mun san nawa ake cusawa a tasha. A baya an yi mata aksil guda mai ƙwari da sifirin 4, biyu kowane gefe, shi ya sa take ɗaukar kaya ta bi gargada ba ta kuka. A 1975 wata 504 ta ci tseren Safari na Kenya, a shekarar ne kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. Faransa ta daina yin ƙaramar 504 a 1983, Kenya ta ci gaba har 2004, Najeriya har 2006. Daga nan ƙofa ta rufe. Ma'ana, duk wadda aka lalata ta tafi ke nan, babu inda za a je a sayo sabuwa.

Dalilinmu na farko shi ne fenti ba lafiya ba ne. Wannan ai mu ne ya kamata mu fi kowa sani. Wane ne a cikinmu bai san dabarar nan ta ba sa kanwa ya sha ruwa ya cika ciki ranar kasuwa ba? Baƙo ya ga ƙiba, ɗan gari kuwa sai ya buɗe baki ya dubi haƙori, ya taɓa ƙirji da gindin wutsiya, ya sa a kora shi ya ga tafiya. To mastik ɗin da mai bugun mota ke shafawa kafin fenti, in an yi shi a kan tsatsa, kanwa ce da ruwa. Zai yi sheƙi wata shida ko shekara, damina ɗaya sai ka ga ya kumbura ya fashe, tsatsar kuwa tana ci daga ciki ba mai ganinta. Tsohon fenti na asali ko ya koɗe ba ya ƙarya: inda aka taɓa bugewa a fili yake, inda ruwa ke shiga a fili yake. Wanki, da ɗan man gogewa, da rumfa mai kare rana sun ishe shi.

Dalili na biyu shi ne kayan gyara. Dattawanmu suna tune da Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Dare ɗaya kuɗin duk wani ƙarfen da ke zuwa daga Turai ya ninka, tun daga sannan kuma kasuwa ta cika da kayan kwaikwayo masu araha. Yau in ka ce za ka sabunta komai, abin da za ka yi shi ne ka cire ƙarfen asali wanda ya yi shekara 40 yana aiki, ka sa na kwaikwayo wanda ba ka san ranar mutuwarsa ba. Fitila, marikin ƙofa, agogon gaban direba, kaburato, duk na asali in yana gyaruwa a gyara shi. Wanda aka cire dole, a nannaɗe shi a ajiye a ɗaki, kada a bar wa yaran gareji su sayar a kilo. Araha ba ta ado.

Haka maganar inji. An yi wa injin Fijo silinda masu cirewa, waɗanda makanikanmu ke ce wa shamiz. In ya gaji, ana sa sababbin shamiz da fistin da zobba, ya dawo da ƙarfinsa ba tare da an taɓa gangar jikinsa ba. Wannan gata ne babba. Me zai sa a jefar da irin wannan inji a ɗora na wata mota, a yanke nan a yi walda can, a ƙarshe giya ta ƙi, lambar inji kuma ta saɓa da ta takarda? Abin da ke kashe injin nan zafi ne, don kansa na alminiyam ne, in ya tafasa sai ya lanƙwashe. Saboda haka a wanke radiyato, a daina zuba masa ruwan rijiya mai gishiri, a sayi ruwan sanyaya inji na gaske. In kuma an buɗe kan inji, a tsaya a kan makaniki kada ya juya inji kafin ya danne shamiz, don in sun motsa ruwa zai gangara cikin mai.

Dalili na uku shi ne jari. Duk wanda ya taɓa kai mota a kwance ta ƙwaf ya san ranar shiga, bai san ranar fita ba. A ce maka wata biyu, sai ka ga Layya ta zo ta wuce mota na kan duwatsu, kusoshi sun watse, gilashi ya yi ƙafa, kai kuma kana ta sayar da maraƙi kana zubawa. Kuɗin da za su yi turka su juya sau biyu ko uku a shekara, sun kwanta a gareji. Garin neman gira a rasa ido. In kuma motar ta gado ce ba a raba ba, Alhaji, ka tuna da akwai haƙƙin mata da marayu a cikinta. Kada ka taɓa ta sai an zauna an yarda, a san na wa ne kuɗin, a san ta wa ce motar.

Masu son sabuntawa sukan ce ai Turawa haka suke yi. To su ma ra'ayi ya soma juyawa. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, tana lissafa mota cikin na tarihi in ta kai shekara 30 kuma an kiyaye ta a kan yadda aka ƙera ta. A 2024, a babban baje kolin Pebble Beach na Amurka, motar da ta zo ta ɗaya Bugatti ce ta 1934 wadda aka bari da tsufanta, karo na farko ke nan da irinta ta ci. Ba muna cewa Fijon da ta yi shekara 30 tana jigila za ta yi wannan daraja ba, kada wani ya ɗora buri. Abin lura dai shi ne masu kuɗin da za su iya sabunta komai sun gane cewa asali sau ɗaya ake samunsa.

Yanzu ga sharaɗin, kuma a nan masu sabuntawa suna da gaskiya. Barin mota da kamanninta daban, sakaci daban. Fijo ba ta da shasi a ware kamar gingimari, jikinta shi ne ƙashinta. In tsatsa ta ci daɓen ƙasa, ko inda sifirin ke zama, ko ƙasan ƙofofi, to ba maganar tarihi kuma, a yanke a sa sabon ƙarfe a yi walda mai kyau. Mu kuma muna da namu ciwon: buhun gishiri da kanwa, ɗanyar fata, da fitsarin raguna da ake sawa a baya. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba, a wanke, a bar ta ta bushe. Haka burki, da robobin burki, da sitiyari, da tayoyi, da wayoyin wuta da suka bushe, da tiyon mai. Waɗannan ba a yi musu kara, don rai ne a kansu. Man burki a sake shi duk shekara 2. Taya kuma a dubi lambobi 4 da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta tsufa a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, zafin kwaltarmu ba ya wasa.

Saboda haka shawararmu ga ƴan ƙungiya ita ce a bi abin daki-daki. A fara da burki da taya da sitiyari, sai tsatsa, sai ruwa da mai na inji, sai takardu, wato katin mota da inshora da na duba lafiyarta. Fenti shi ne na ƙarshe, in ma an ga dole, kuma a mayar da launinta na asali. Wadda ke ajiye a riƙa tayar da ita ana zagayawa ko sau ɗaya a mako, don zama ya fi tafiya kashe mota. A sami littafi a riƙa rubuta duk gyaran da aka yi da ranarsa.

Muna kuma roƙon shugabannin rassa su tattara sunayen tsofaffin makanikan da suka san Fijo a garuruwansu, su aiko mana mu buga, domin mutanen nan suna ƙarewa, yaran yanzu kuwa kwamfuta suke jira ta gaya musu ciwon mota. Wanda ke da matacciyar Fijo a gida, kafin ya kira ƴan gwangwan, ya sanar da ƴan'uwa, wataƙila ƙofarta ko gilashinta ya tayar da ta wani. Wanda kuma yake da ra'ayi saɓanin namu, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana, ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.