"Na nawa ka zo?" ba ita ce tambayar ba

Duk lokacin da aka gama kompozisiyo a lakwal, tambaya guda ce ake ji cikin gidajenmu, daga Maraɗi har Tawa: "Na nawa ka zo?" In yaro ya ce na 5, a saya masa takalmi. In ya ce na 60, a yi ta faɗa, wani uban ma ya ce gobe ya biyo shi kasuwa tunda kansa ba ya ɗauka. Mu a ganinmu, iyaye, wannan cinikin biri a sama ne. Ba ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin buhun hatsi don an ce masa ya fi na kusa da shi cika. Sai ya buɗe, ya sa tiya ya auna.

Matsayi cikin aji yana nuna wanda ya fi wani ne kawai, ba ya nuna abin da yaro ya iya. A shekarar 2014 aka yi binciken PASEC cikin ƙasashen Afirka 10 masu aiki da faransanci. A Nijar, cikin ɗaliban aji shida 100, ko 10 ba su kai ba waɗanda suka iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata. Da aka sake a 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai wajen 30 cikin 100. Ku yi lissafi da kanku, ku ne gwanayensa: aji mai yara 70, ɗanki na iya zuwa na 25, ki yi guɗa ya wuce rabin aji, alhali in an miƙa masa wasiƙa sai ya tsaya yana kallonta.

An maido da jarrabawar sartifika a 2024 bayan an jingine ta kimanin shekara goma, kuma muna cikin waɗanda suka yi murna. Amma a aji shida ake yin ta. Yaron da ya ɓace tun aji biyu, sai bayan shekara huɗu za a gaya wa uwarsa, lokacin da ta riga ta kashe kuɗin littattafai da na kalaci ba adadi.

Za a ce laifin malamai ne. Gaskiya ne da gwamnati ta gwada malaman kwantiragi a 2017, wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. Amma wa ya ɗauke su aiki ba horo isasshe? Wa ya zuba musu yara 70 ko 80 cikin rumfar zana? Mushe mai irin wannan aji, da ƴan layin gaba yake karatu, sauran sai Allah.

Su waɗannan na bencin baya ne suka fi damunmu. A cikinsu akwai yaron da sanƙarau ko ƙyanda ta taɓa masa kunne tun yana ƙarami. Yana ji in an matso kusa, daga nesa sai dai ya ga bakin malam na motsi. Akwai wanda ba ya hango babban allo sai dishi-dishi, kuma bai san sauran yara sun fi shi gani ba, balle ya faɗa. Akwai yarinyar da sai ta sayar da ƙosai kafin ta iso, kullum an wuce darasin farko (wannan kam, uwaye mata, a hannunku yake). Duka ukun sifili ɗaya ake zana musu, suna ɗaya ake kiransu da shi: daƙiƙi. Akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram, akwai ta makafi ta Soly Abdourahamane a Yamai, amma mai rabin ji da mai rabin gani ba can ake kai su ba. Suna nan cikin lakwal ɗin unguwa, ba wanda ya lura, har ranar da za a gaji a cire su. Alhali maido da yaro bencin gaba ko dala ba ya ci.

Ba sai kin iya faransanci za ki auna ɗanki ba. Miƙa masa salula ya karanta miki saƙon da ya shigo, ya faɗa miki ma'anarsa da Hausa. Ba shi rasit ɗin tasha ya nuna miki inda aka rubuta kuɗi. Tambaye shi: tiya 3, kowace dala 140, an ba ka jika 2 da rabi, nawa ne canji? In ya amsa nan take amma kullum yana faɗuwa lissafi a aji, to ba kai ne ya gaza ba, harshen da ake tambayarsa da shi ne bai kama ba. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ya kamata ɗan aji ɗaya ya gani a cikin ajinsa. Ki kuma gwada kiran sunansa a hankali ta bayansa, ki ga ko zai waigo.

Abin da kika gano, kada ki riƙe shi a gida, ki je ki gaya wa malaminsa. Makarantun gwamnati na da kwamitin COGES, da yawa kuma na da ƙungiyar uwaye mata ta AME, sai dai ranar taro akasarinmu muna bakin rumfa, mu aika da kuɗin karo-karo shi ke nan. A taro mai zuwa muna son a samu masu tashi su nemi abu biyu daga darakta: a zaunar da kowane ɗan aji biyu shi kaɗai ya yi karatu a ji, sannan a rubuta sunayen yaran da ba su ji ko gani sosai, a maido su gaba, a sanar da iyayensu su kai su likita.