Kafin a Saya wa Inna Eya-Firaya, a Tambayi Ƙarfe Nawa Take Dawowa Daga Aiki

Bidiyon girki na daga cikin abubuwan da suka fi cin data a wayoyin matasa. A TikTok da Instagram da Facebook, cikin daƙiƙa 60 an yanka kaza, an barbaɗa kayan ƙamshi kala goma, an tura ta cikin na'urar nan mai suya da iska mai zafi da ake kira eya-firaya, an fito da ita tana sheƙi. Ga kicin fari tas, ga wuta ba ta ƙiftawa. Mai kallo ya danna alamar so, ya tura wa ƙanwarsa, wani ma ya fara lissafin yadda zai tara kuɗi ya saya wa mahaifiyarsa irin wannan na'ura.

Niyyar tana da kyau, amma lissafin ya kauce. Matar da ta fi kowa buƙatar girki mai sauri a gabashin Sakkwato ba ita ake yi wa waɗannan bidiyoyi ba, kuma na'urar da ake tallatawa a cikinsu ba za ta ko kunnu a gidanta ba.

A ɗauki misalin malamar firamare a Tursa, cikin ƙaramar hukumar Rabah, ko ma'aikaciyar ɗakin shan magani a Wurno, ko mai shagon POS a Goronyo. Mijin ya rasu, ko aure ya mutu, yara uku ko huɗu suna hannunta. Da safe tana wurin aiki. Da rana ta dawo ta kama ɗinki ko wata 'yar sana'a, don albashi ba ya kai wata. Mafi ƙarancin albashi da dokar ƙasa ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne, kuma duk wanda ya shiga kasuwa kwanan nan ya san inda wannan kuɗi ke tsayawa. Yara su taso daga Islamiyya gab da magariba da yunwarsu. Tsakanin sallar magariba da lokacin da ƙaramin cikinsu zai fara gyangyaɗi, abin da take da shi bai wuce minti 40 ba. In tuwo bai sauka cikin wannan lokaci ba, yaro zai kwana da gari-da-suga ko da komai babu.

Irin waɗannan gidaje sun ƙaru a yankin, kuma kowa ya san dalili. Harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018 ya tura jama'a gudun hijira Gandi. Wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ya ci rayuka da dama a yini guda. Bayan kowane irin wannan labari akwai mata da suka wayi gari su ne uwa su ne uba, akwai kuma maza, ko da yake ba a cika maganarsu ba, da suka koma riƙe muciya saboda uwar yara ba ta nan. A da dangi kan raba marayu a tsakaninsu. Yau dangin ma kowa ta kansa yake yi.

To me eya-firaya za ta yi wa wannan gida? Yawancin irinta na jan wuta wat 1,200 zuwa 1,800. Ƙaramin janareton da ake kunnawa don fanka da talabijin bai kai wat 1,000 ba. 'Yar solar gida da ake sakawa don ƙwan fitila da cajin waya kuwa ba a ma kawo ta cikin lissafi. Saura wutar gwamnati, wadda kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, kuma ba wanda zai ɗora cikin 'ya'yansa a kan cewa za a kawo ta ƙarfe bakwai na yamma. Ko da an kawo, na'urar ba ta tuƙa tuwo, ba ta kaɗa miyar kuka, ba ta dafa wake. Kaza da dankalin Turawa take so, abincin da gidan ke gani da salla.

Idan har za a kashe kuɗi a kan kayan kicin, abin da ya cancanci kuɗin shi ne tukunyar furesha, wato tukunyar nan mai murfi mai kullewa da ɗan bututu a sama da ke fito. Ba ta da allo, ba ta haɗuwa da waya, shi ya sa ba ta burge masu sharhin na'urori. Aikinta kuwa kimiyya ce zalla. A tukunya ta yau da kullum ruwa na tafasa a digiri 100, kuma duk yawan itacen da aka tura ba zai wuce haka ba, sai dai ya ƙone ya bi iska. Idan aka kulle tururin ya rasa hanyar fita, matsin cikin tukunya ya ƙaru, zafin ruwan ya haura zuwa wajen digiri 120. Wannan ƙarin ne ke sa waken da kan shafe fiye da awa guda a kan wuta ya nuna cikin kusan minti 25, musamman in an jiƙa shi tun safe. Haka ganda da ƙashin miya. Tana hawa kan gas, tana hawa kan murhun gawayi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 komai na makamashi da sufuri ya tashi, don haka kowane minti da aka rage a kan wuta kuɗi ne ya koma aljihu.

Tana da ƙa'idojinta, kuma wanda ya saya wa mahaifiyarsa ya wajaba ya zauna ya nuna mata. Ba a cika ta da wake fiye da rabi, don kumfarsa na iya toshe bututun. Ba a buɗe ta sai tururin ya gama fita. Robar bakin murfin na tsufa, ana canza ta. Yara ba su taɓa ta. Tsoron da mata da yawa ke yi mata, cewa tana fashewa, yawanci daga karya ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji yake samo asali, ko daga sayen ta gwanjo da bututunta ya lalace.

Sai dai ko tukunyar ba ita ce kan gaba ba. Na'urar da ta fi amfani ga wannan kicin tana cikin jakar uwar tuntuni: Tecno ce, ko itel, ko Infinix mai tsagaggen gilashi. Matsalar abincin dare a gidan mutum ɗaya rabinta ta lokaci ce da mantuwa, kuma a nan waya ta ƙware.

Ƙararrawar waya da aka saita bayan sallar asuba, aka rubuta mata "jiƙa wake", ta gama rabin girkin dare tun rana ba ta fito ba. Saƙon murya na WhatsApp zuwa ga babbar 'ya ko maƙwabciya, "Don Allah Yaya, ki ce wa yarinyar nan ta hura gawayi ta ɗora ruwa, ga ni nan tafe", yana sa uwa ta tarar da ruwa na tafasa. Lambar mai kayan miya da ta ɗan kabu-kabu amintacce, haɗe da tiransifa ta OPay ko Moniepoint ko PalmPay, sun maye gurbin tafiya kasuwa bayan an tashi aiki a gajiye. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya wahalar da mutane matuƙa, amma ya bar abu guda: masu kanti da dama da a da ba su karɓar tiransifa yanzu suna karɓa.

Kada kuma a zauna jiran manhajar kawo abinci. Jumia Food da Bolt Food duk sun rufe harkarsu a Najeriya a watan Disambar 2023, alhali a manyan birane suke aiki. Wanda ya kasa riƙe Legas ba zai zo Tursa ba. Abin da ke akwai, kuma yake aiki, shi ne lambar mai awara ta bayan layi da ta mai tuwo-tuwo ta bakin tasha. Ranar da aiki ya riƙe uwa har dare, kira ɗaya ya isa a ajiye mata kwano. Ba abin kunya ba ne, kuma duk mai yi wa bazawara gorin ta sayi abincin waje sai ya fara faɗin ranar da ya taɓa kai mata cefane.

Inda waya ta fi yin tasiri shi ne sayayya ta haɗin gwiwa. Yankin nan ba matalaucin abinci ba ne. Madatsar ruwan Goronyo da ke kan kogin Rima na shayar da noman rani, fadamun Wurno sun yi suna da shinkafa da albasa da tafarnuwa, ga kifi, ga kasuwar Achida. Abin da ke cutar mai ƙaramin ƙarfi shi ne awo kullum, gwangwani-gwangwani, a farashin mai kanti. Mata biyar ko shida da suka buɗe zaure a WhatsApp, suka haɗa kuɗi lokacin kaka, za su iya sayen buhun wake ko na shinkafa su raba, su sayi kwandon tumatir lokacin da ya yi araha su shanya kauɗa. Adashe ne dai da aka sani tun kaka da kakanni, sai dai yanzu lissafin na rubuce, kowa na ganin shaidar biyan kowa, rigimar "na ba ki" da "ba ki ba ni ba" ta ragu.

Girkin kansa ba ya buƙatar sabon ilimi daga waje. Abincin Hausa cike yake da abin da ake gamawa cikin rabin awa, in dai an yi wahalar a ranar hutu. Ɗan wake shi ne sarkinsu. A ranar Asabar a haɗa garin wake da na rogo ko fulawa da kuka, a zuba a bokiti mai murfi. Daren aiki sai a ɗiba, a kwaɓa da ruwan kanwa, a jejjefa a tafasasshen ruwa. Kafin a idar da shafa'i da wutiri ya taso. Mai, yaji, yankakkiyar albasa, in da hali dafaffen ƙwai, an gama. Garau-garau a tukunyar furesha bai fi haka ɗaukar lokaci ba. Faten tsaki da yakuwa ko alayyafo tukunya ɗaya ce, wanke-wanke kaɗan. Busasshen zogale da dakakken ƙuli-ƙuli na zama kwaɗo, ko a zuba su cikin dambu. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa, da daddawa da ɗan busasshen kifi, ba su taɓa neman firiji ba. Ita ma taliyar Indomie da ake yawan zagi ba laifi ba ce a daren da aka makara. Laifin shi ne a ba yaro ita tsura kullum, alhali ƙwai ɗaya da dintsin zogale za su mai da ita abinci.

A nan ne shawarar da ta fi yawo a bidiyoyin ƙasashen waje ke zama haɗari. Suna cewa a dafa abincin mako guda ranar Lahadi, a jera a robobi. Wannan magana ce ta mai firijin da ba ya mutuwa. A Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, dafaffiyar shinkafar da ta yini a rufe cikin ɗaki na iya tara ƙwayoyin cuta masu fitar da guba, kuma ɗumame ba lallai ya kashe gubar ba. Abin da ake tanada a irin wannan yanayi busasshe ne: gari, yaji, ƙuli, kauɗa, ganye. Markaɗen kayan miya ma sai an soya shi har ruwansa ya ƙone, mai ya taso kansa, ana kuma ɗumama shi safe da yamma. Wanda ya kwafo tsarin robobi bai duba wutar garinsu ba, asibiti zai kai yaran.

Za a iya cewa wannan duk tsanani ne, bidiyon girki nishaɗi ne kawai, kuma mata da yawa sun koyi yin kek da cincin da samosa daga YouTube har suna cin abinci da sana'ar. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a daina. Za a iya cewa kuma akwai gidajen da matsalarsu ba lokaci ba ce, garin ne babu, kuma ba ƙararrawar wayar da za ta cika tukunyar da ba komai cikinta. Wannan ma gaskiya ne, ya fi na farkon nauyi, kuma maganinsa yana hannun masu mulki da masu tsaro. Amma tsakanin mai kicin ɗin Instagram da wadda ba ta da ko gwangwanin gero akwai dubban gidaje da ke da ɗan abin dafawa, lokaci da makamashi ne ke ƙure musu. Su ne aka manta da su.

Laifin mantuwar nan kuwa har da matasan yankin masu ɗora bidiyo. Yaron da ya iya CapCut, ya iya haɗa sauti da rubutu, yana ɓata basirarsa wajen kwaikwayon girkin Dubai, alhali ba a cika samun bidiyon minti biyu da Hausa da ke nuna yadda ake kulle tukunyar furesha a kan murhun gawayi ba, ko yadda ake auna kanwar ɗan wake kada ta yi yawa. Irin wannan bidiyo ya kamata ya zama gajere, mara nauyi, don tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowane megabait sai an yi tunani kafin a kashe shi. Ya kamata kuma ya zama wanda za a sauke a ajiye, a tura ta Xender ko Bluetooth ba tare da sabis ba. Mutanen Rabah da Goronyo ba su manta watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. Duk abin da ke kan intanet a lokacin ya zama babu. Abin da ke cikin ma'adanar waya ne kawai ya rage.

Matashin da ke da naira dubu kaɗan da niyyar sauƙaƙa wa mahaifiyarsa ko yayarsa, ga inda kuɗin za su yi aiki: tukunyar furesha mai kyau da robar canji guda, fitilar sola da za a rataya a madafa don kada a riƙa girki da tocilan waya a baki, da kular abinci mai riƙe zafi saboda yaron da ya yi barci kafin a sauke. In canji ya rage, a cika mata gas. Sannan ya karɓi wayarta na minti goma, ya saita ƙararrawar jiƙa wake, ya adana lambar mai kayan miya da ta ɗan kabu-kabu a inda za ta gan su da sauri, ya kuma tambaye ta wace rana ce a mako ta fi dawowa a makare, don ranar ya zo da wuri ya hura gawayin da kansa.