Ina Labarin Waɗanda Inna Ta Riga Ta Sha?

Ina so yau in yi magana a kan waɗansu 'ya'yanmu da kullum muke tsallakewa a bakin hanya, mu jefa musu abin da ya sawwaƙa, mu wuce muna tsammani mun sauke nauyi. Watau ina nufin samari da 'yan mata guragu na ƙasarmu ta Wonaka da Gusau da Tsafe da Bunguɗu, tun ba waɗanda ciwon shan inna ya naƙasa tun suna goye ba.

Ran 25 ga watan Agusta 1920 ba wanda ya san maganin wannan ciwo a duniya. Shekara ɗari cif bayan haka, ran 25 ga Agusta 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa an kawar da asalin ƙwayarsa daga ƙasashen Afirka duka, domin tun waɗanda aka samu a Borno cikin 2016 har zuwa wannan lokacin ba a sāke samun wanda ta kama ba. Aka yi murna, murnar kuwa ta cancanta, ko da yake ba a daina ɗiga wa yara magani ba, saboda akwai wani reshen ƙwayar da ke ɓullowa inda rigakafi ya yi ƙaranci. To, amma da taro ya watse, sai na tsaya ina tambayar kaina, waɗanda ciwon ya riga mu zuwa gare su fa?

Ba kaɗan ba ne. Cikin shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da Zamfara da Kaduna bisa tsoron cewa an sa wani abu a cikin maganin, Kano kuwa ba ta koma ba sai watan Yuli 2004. Ba tone-tone ya kawo ni ba, gama iyaye da yawa don ƙaunar 'ya'yansu suka rufe ƙofa. Amma ciwo bai jira a gama gardama ba. Cikin 2006 kaɗai an ƙidaya yara 1,122 da ya kama a Nijeriya, galibinsu a Arewa, cikin 2008 kuma 798. Yaron da yake ɗan shekara biyu a 2006, yau ya kai munzalin aure. Shekara da shekaru ma'aikata sun bi gida gida, rana da ruwa, suna rubutu da alli a jikin bango, suna shafa wa yara shuni a ɗan yatsa, har ƙauyen da mota ba ta shiga sun shiga. Ban taɓa ganin an bi gida gida haka da keke ko sandunan dogarawa ba, ana tambayar ina wanda aka makara a kansa.

Ya kamata mu san abin da ciwon nan yake yi da abin da ba ya yi. Kakanninmu sun ce wata aljana ce mai suna Inna ke shanye ƙafar yaro, daga nan sunan ya samo asali. Likitoci sun gano ƙwaya ce da ke shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, yawanci ga yaran da ba su kai shekara biyar ba. Cikin ɗari biyu da ta shiga jikinsu, kamar ɗaya ne take kai wa ga laka, ta kashe jijiyoyin da ke motsa ƙafa. Iyakar ɓarnarta ke nan ga mafi yawansu. Hankali yana nan, ido da kunne da harshe suna nan, hannuwa kuwa sau da yawa har sun fi na mai ƙafa ƙarfi. Saura duk abin da ke samun yaron daga baya, mu ne muke yi masa.

Ga misali. Ƙafar da ta shanye, in an bar yaro yana rarrafe shekara da shekaru, gwiwa da ƙugu sai su ƙage, su ƙi miƙewa. In da an riƙa miƙe masa ita tun da wuri, aka sa masa takalmin ƙarfe, aka ba shi sanduna, da yawansu da sun tsaya tsaye. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959 don irin wannan aiki. Amma manomin da ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi, wa ya taɓa gaya masa, balle ya ba shi na mota?

Akwai wani yaro a unguwarmu, ba zan ambaci sunansa ba. Wansa ne ke goya shi zuwa makaranta kowace safiya, ya kuwa fi kowa lissafi a ajinsu. Da ya kai aji huɗu, wan ya tafi cin rani, karatu ya tsaya nan. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce kada ya zo. Tafiyar da yaro mai ƙafa zai yi kafin shayi ya huce, ita ce ta raba shi da ilmi. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san da damina taɓo ne, da rani rairayi. Mai rarrafe da hannunsa yake taka abin da mu muke tsallakewa, da hannun nan kuma zai ci tuwo, zai riƙe allo. In ya isa, ga dakali a ƙofar aji, ga makewayi wanda ba shi shiguwa sai a tsaye ko a tsugune, in ma akwai shi. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, domin da ta fara girma kunya ba za ta bar ta ta ja jiki a gaban samari ba, sai ta shige ɗaka, a manta da ita har ranar da za a nemi wanda zai aure ta don lada.

Daga nan sai shawarar da kowa ya sani ta zo, a kai shi birni bara. Ba na gaggawar zargin uban da ya yi haka. Yana da baki goma a gida, ya kuwa ga cewa gurgu a ƙofar masallacin Juma'a ko bakin kasuwar Gusau yakan tashi da abin da ɗan ƙwadago bai samu ba yini guda. Lissafinsa na yau daidai ne. Na gobe ne bai yi ba. Yaro ƙarami shi ke jawo tausayi. In ya yi gemu, hannuwa sai su koma ga wani ƙaramin, shi kuwa ga shi ba karatu, ba sana'a, ba abin da ya iya sai roƙo. Mu masu bayarwa kuma muna da namu kason laifin, gama mun fi son sadakar da za ta fita hannu nan take a yi mana addu'a, bisa ga wadda za a tara a sayi keke.

Abin mamaki, sana'o'in Bahaushe na gado galibinsu a zaune ake yin su. Baduku a zaune yake, mai ɗinkin hula a zaune, mai saƙar tabarma a zaune, marubucin da ke kwafar littattafai a zaune. Na zamani ma haka, mai gyaran wayar hannu da mai gyaran takalmi da tela, tun da akwai keken ɗinki na hannu. A Kano, Aminu Ahmed Tudun Wada, wanda shi kansa shan inna ya kama, ya jagoranci ƙungiyar 'yan'uwansa suka kafa wurin walda, suna ƙera keken guragu mai ƙafa uku wanda ake tuƙawa da hannu. Misbahu Lawan Didi ya ƙago ƙwallon da guragu ke bugawa da hannu bisa katako mai taya cikin 1988, har ta zama wasan da jihohi ke gasa a kansa. Malamanmu kuwa sun san Aɗa'u ɗan Abi Rabah, wanda gurguntaka ba ta hana shi zama mai fatawar Makka ba a zamanin tabi'ai. Masu walda ba su ƙare a Gusau da Tsafe ba. Me ya hana a koya musu ƙirar keken nan, mai faɗin taya don rairayinmu, a kuma sa guragu cikin masu koyo?

Wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne. Gaskiya ne, akwai ma doka. Cikin watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wulaƙanta naƙasassu. Ta ba su karatu kyauta har sakandare, ta ce a ba su biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta hana a yi amfani da su wajen bara, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika tun Janairu 2024. Mai karatu ya duba makarantar garinsu da asibitin garinsu, ya ba kansa amsa. Yanzu kuma an daina cewa gurgu a taron manya, sai masu buƙata ta musamman. Ban ƙi ladabin ba, sai dai dakalin ƙofar aji bai rage tsawo ba don an sāke suna.

Akwai kuma abin da kowa a ƙasar nan yake gudun faɗi. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙauyukanmu, in an ji ƙarar babura da dare kowa ƙafarsa ce dabararsa. Wanda ba shi da ita sai ya jira a tuna da shi. Uwa mai goyo da na hannu, wa za ta ɗauka, wa za ta bari? Wannan kaɗai ya isa a san gidan da kowane gurgu yake, a kuma san saurayin da aka ɗora wa alhakin ɗaukarsa tun kafin ranar ta zo.

Don haka roƙona ga hakimai da dagatai da masu unguwanni ƙarami ne. Yadda suka taimaka aka san kowane gida mai jariri lokacin rigakafi, haka su sa a rubuta kowane yaro da saurayi da budurwa mai naƙasa a ƙasarsu, da shekarunsa, da inda karatunsa ya tsaya, da abin da hannunsa ya iya. A zauna da Sarkin Guragu a kan takardar, domin ya fi mu sanin jama'arsa. Sa'an nan a kai ta gaban Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara da attajiran gari, a ce ga mai bukatar keke, ga mai bukatar a kai shi Dala, ga wadda keken ɗinki kawai take jira. Dakalin aji kuwa, buhun siminti biyu da magini ɗaya sun isa su mai da shi gangara kafin a koma hutu.

Yaron unguwarmu da na ambata, yanzu shi ke rubuta wa wani mai awon hatsi lissafin bashi ranar kasuwa, ƙanensa ke kai shi a amalanke.