Nas ɗin da Ake Cewa Ba Ta Aikin Komai

A ɗakin gyaran lantarkin zuciya akwai nas guda wadda mai leƙowa zai ɗauka zaman banza take yi. Ba ta riƙe da kayan aiki, ba ta kai-komo. Idonta na kan mara lafiya da allon da ke nuna numfashinsa da ƙarfin jininsa. Idan hukumar asibiti ta tashi tsuke bakin aljihu, kujerarta ake fara nunawa. Wannan lissafi kuskure ne, kuma da ran mutum ake biyan sa.

A ɗakin nan likita yakan zura siraran wayoyi ta jijiyar cinya har cikin zuciya, ya gano inda bugun ke rikicewa, ya ƙone wurin. Hannunsa na kan waya, idonsa na kan hoto. Mai miƙa masa kaya ya sa safar hannu mai tsabta, ba ya taɓa wani abu dabam. Ma'aikacin na'ura na karanta siginar zuciya. Wata nas tana ɗauko kaya, tana ba da heparin, maganin hana jini daskarewa. Wa ya rage ya dubi mutumin da aka ba maganin barci?

Masu son ragi sukan ce yawancin ayyukan lafiya lau ake gama su. Haka ne. Sai dai wata rana waya takan huda bangon zuciya, jini ya taru a jakar da ke lulluɓe da ita, ya matse ta, ƙarfin jini ya faɗi cikin mintoci. A lokacin ana bukatar mai zuƙe jinin da allura, mai ba da protamine don warware heparin, mai kula da numfashi, da mai kiran likitan tiyata, duk a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wasu asibitocin kan cike gurbin da wakilin kamfanin na'urar taswirar zuciya. Ya san na'urarsa, amma ba shi da hurumin ba da magani, kuma ba asibitin yake yi wa aiki ba.

A 2014 ƙungiyar Heart Rhythm Society ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin irin wannan ɗaki, ta sa ma'aikata a jeri ɗaya da kayan aiki da kariya. Asibitin da ya iya sayen na'ura mai tsada, sannan ya ce albashin nas guda ya fi ƙarfinsa, bai kai ga buɗe ɗakin ba tukuna.