Amanar Shehu Bakkayi da Baƙonsa Abdulkarimu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A shekarar 1853 wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarimu, ya shiga birnin Tambutu bisa aiken gwamnatin Ingila. Kafin nan ya ga Kano a 1851, ya kuma gai da Sarkin Musulmi Aliyu Babba kusa da Wurno. Shekarunsa 32, Nasara ne, ba dangi. Wanda ya karɓe shi shi ne Shehu Ahmadu Bakkayi, jikan Sidi Muhtaru Alkunti, babban shehin Ƙadiriyya, dattijo mai kimanin shekara 50.

Da labari ya kai Hamdallahi, Sarkin Masina Ahmadu ɗan Ahmadu ya aiko a ba da baƙon. Shehu ya ƙi. Ya mayar masa da jawabi a rubuce, da hujja ta shari'a, cewa wanda aka bai wa amana jininsa da dukiyarsa haram ne, balle wanda mutanensa ba sa yaƙi da Musulmi. Ya fitar da shi zuwa zangonsa a bayan gari, inda suka riƙa zama suna muhawara kan addini da labarin ƙasashe. Shehu bai sassauta aƙidarsa ba, baƙon kuwa bai musulunta ba, amma ƙauna ta shiga tsakaninsu. A 1854 Shehu ya raka shi da kansa bakin Kwara har Gawo, ya haɗa shi da takardar amana. Dukansu biyu sun bar duniya a 1865.

Akwai masu cewa irin waɗannan matafiya su ne suka share wa masu mulkin mallaka hanya. Maganar tana da tushe, gama Faransawa sun ci Tambutu a 1894. Sai dai shari'a ba ta kama mutum da laifin da wani zai aikata bayan shekara 40, kuma zato ba ya warware alkawari.

Fatake sun fi kowa sanin wannan. Bahaushen da ya sauka Gwanja ko Ikko, ransa da hajarsa suna hannun mai masauki. Wanda yake son a riƙe masa amana a garin wani, wajibi ne ya riƙe ta baƙon da ya sauka zaurensa. Malamai su karantar da wannan, attajirai su yi aiki da shi.

Allah ya sa a dace. Wassalamu.