LAFIYA UWAR JIKI: Gina ƙirji da injin igiya ba tare da an yi asarar kafaɗa ba

A wannan wata filin namu zai duba wata na'ura da ta fara shiga gidajenmu na Zango, tun daga Nima da Mamobi a Ankara har zuwa Kumasi da Tamale, watau injin motsa jiki mai igiya. Da yawa daga cikin waɗannan injuna na gwanjo ne da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, wasu kuwa masu walda ne suke ƙera su a nan gida. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, kusan duk saurayin da ya sami injin nan ƙirji yake fara nema, kuma yawanci ba takardar bayani a tare da injin, ba kuma wanda ya koya masa. Sai ya ɗora nauyin da ya fi ƙarfinsa, ya yi ta fizga, bayan 'yan makonni ka gan shi yana dafe da kafaɗa.

To, a cikin jama'armu akwai magina da makanikai da direbobi da teloli da masu dako a kasuwa, waɗanda duk da hannu suke cin abinci. In kafaɗar ɗayansu ta samu matsala, tukunyar gidansa ce ta samu matsala. Saboda haka maganarmu a yau guda ɗaya ce: abin da ke gina ƙirji shi ne motsi na daidai da nauyi madaidaici, a yi ta maimaitawa wata da watanni. Yawan ƙarfen da aka ɗora ba ya maye gurbin wannan.

Bari mu fara da injin kansa. Yana da allunan ƙarfe da aka jera bisa juna, ana zaɓen nauyi ta hanyar zura ƙusa a ramin allon da ake so. Daga nan igiyar waya ta tashi, ta bi ta kan wasu ƙananan tayoyi, ta ƙare a mariƙin da mutum zai kama. Amfaninsa a kan ƙarfen da ake ɗagawa da hannu shi ne, shi ƙarfen hannu ƙasa kaɗai yake ja, alhali igiya tana ja ne ta duk inda aka kafa tayarta, ko sama ko tsakiya ko ƙasa, kuma ba ta sakin tsoka tun daga farkon motsi har ƙarshensa. Sai dai a lura, a wasu injuna yadda aka naɗa igiyar a kan tayoyin yakan raba nauyin biyu, ta yadda allon da aka rubuta wa kilo 20 zai zo hannu kamar kilo 10. Don haka gardamar da samari ke yi cewa wane yana jan kaza a gidansu, wane kuma kaza, ba ta da tushe muddin injunan ba iri ɗaya ba ne.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gustav Zander ya buɗe gidan motsa jiki da injuna a birnin Stockholm tun 1865, don jinyar masu rauni. A Amurka kuma Jack LaLanne, wanda ya buɗe nasa wurin a garin Oakland a 1936, yana cikin waɗanda suka yaɗa injin igiya. Shi kuwa tsarin ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, wani likitan soja ne a Amurka, Thomas DeLorme, ya bayyana shi a 1945 sa'ad da yake jinyar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da raunuka. Ke nan tun asali likitoci ne suka tsara abin don gyaran jiki, kuma a sannu suka ce a bi shi.

Sai kuma ƙirjin. Babbar tsokar ƙirji shimfiɗe take kamar mafici. Sashenta na sama ya taso daga ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, babban sashen kuma ya taso daga ƙashin tsakiyar ƙirji da gaban haƙarƙari, sa'an nan duka suka tattaru suka ɗaure a ƙashin damtse kusa da hammata. Aikinta shi ne jawo damtse zuwa gaba da tsakiyar jiki, kamar yadda mutum ke yi in zai tura ƙofa ko zai rungumi ɗansa. Gaban kafaɗa da tsokar bayan damtse suna taimaka mata. A can cikin kafaɗa kuwa akwai wasu ƙananan tsokoki guda 4 da ke riƙe kan ƙashin damtse a gurbinsa, wanda ba shi da zurfi. Waɗannan ƙanana su ne ke shan wuya duk lokacin da aka ɗora wa babbar abin da ya wuce kima.

Motsi huɗu sun isa. Kafin a fara, a ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10 da tafiya da sauri ko tsallen igiya, a jujjuya hannuwa, kana a yi zubi ɗaya da nauyi marar yawa.

Na farko shi ne turi. A kafa tayoyin daidai tsayin ƙirji, a juya wa injin baya, a kama mariƙi a kowane hannu, a sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya don tsayuwa ta yi ƙarfi. A ja allon kafaɗa baya da ƙasa kaɗan, a bar shi a nan. Gwiwar hannu ta kasance ƙasa da kafaɗa, kada a baza ta ta yi daidai da ita. Sai a tura gaba har hannuwa su miƙe, a dawo a hankali, a tsaya da zarar tafin hannu ya zo daidai da ƙirji. Wanda injinsa mai kujera ne, ya gyara kujerar har mariƙan su zo daidai tsakiyar ƙirjinsa, ya kuma manna bayansa da majingina.

Na biyu shi ne runguma. Tayoyin suna nan a tsayin ƙirji. A buɗe hannuwa gefe da gefe, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kuma kada lanƙwasar ta canja har a gama. Sai a haɗo hannuwan a gaba kamar mai rungumar babbar randa, a ɗan tsaya, a buɗe sannu a hankali. A nan ne aka fi jin rauni, domin wasu sukan bar igiya ta ja hannuwansu har bayan jiki, suna cewa tsoka suke miƙewa. Iyakar buɗewa ita ce inda mutum yake iya hango hannuwansa ta gefen ido ba tare da ya juya kai ba. Kuma nauyin runguma lalle ya kasance ƙasa da na turi ƙwarai.

Na uku, daga sama zuwa ƙasa. A ɗaga tayoyin sama da kai, a ɗan sunkuya gaba da baya a miƙe, a jawo hannuwa ƙasa su haɗu a gaban cibiya. Wannan ya fi taɓa sashen ƙasa na tsokar.

Na huɗu, daga ƙasa zuwa sama. A sauke tayoyin kusa da idon sawu, tafin hannu yana kallon gaba, a ɗago hannuwa su haɗu a gaban haɓa. Wannan ya fi taɓa sashen sama, kuma shi ne ya fi neman nauyi kaɗan. Mai injin da igiyarsa ɗaya ce tak yana iya yin duk waɗannan da hannu ɗai-ɗai, ya fara da hannun da ya fi rauni, ya yi wa ɗayan adadi daidai da shi.

Game da lissafi kuwa, a zaɓi nauyin da za a iya yi da shi sau 8 zuwa 12, kuma a ajiye mariƙi alhali ana jin saura biyu a jiki. Wannan shi ne zubi ɗaya. A huta minti 1 zuwa 2, a sake, har zubi 2 ko 3. Ba dole ne a yi duka huɗun a rana ɗaya ba. Turi da ɗaya daga cikin sauran sun wadatar da mai farawa. Dawowa ta fi turawa jinkiri, kamar daƙiƙa 2 zuwa 3, kuma allunan su sauka shiru. In maƙwabci yana jin ƙarar ƙarfe ta bayan katanga, to, nauyin ya fi ƙarfin mai ja. A fitar da numfashi wajen turi, a shaƙa wajen dawowa, domin riƙe numfashi yana tunkuɗa jini sama nan take. Ranar da mutum ya cika sau 12 a kowane zubi ba tare da lanƙwasa baya ba, ya maimaita haka a karo na gaba, sai ya ƙara allo mafi ƙanƙanta.

Sau biyu a mako ya isa, da tazarar kwana biyu a tsakani, saboda a lokacin hutu da barci ne tsoka ke ginuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya ƙarfafa dukkan manyan tsokokinsa aƙalla kwana 2 a mako, ban da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici kamar tafiya da sauri. A lura da kalmar dukkan. Wanda ya tsare ƙirji kaɗai ya bar baya, ya gina ɗaki ne da bango ɗaya. Don haka kowane zubin turi a biya shi da zubin ja: a fuskanci injin, a jawo mariƙi zuwa ciki, a matse allunan kafaɗa biyu. Ƙafafu ma suna da hakkinsu. A makonnin farko ƙarfi ne ke ƙaruwa, shi kuwa girman da ido ke gani yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai ciwo iri uku da ya kamata a bambanta. Tsamin jiki da ke zuwa washegari, ya yi tsanani cikin kwana ɗaya zuwa uku kana ya wuce, wannan ba kome. Suka a gaban kafaɗa, ko ciwon da ke hana kwanciya a wannan gefe, alama ce ta a dakata, in ya wuce mako biyu a ga likita. In kuwa aka ji wani abu ya tsinke kusa da hammata, wurin ya kumbura ya yi baƙi, mai yiwuwa jijiyar da ta ɗaure tsokar da ƙashi ce ta yage, kuma irin wannan aikin tiyata yakan fi kyau in an yi shi da wuri, saboda haka kada a tsaya wajen mai ɗori. Na ukun shi ne nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ke bi zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da zufa da ƙarancin numfashi. Wannan maganar zuciya ce, sai asibiti nan da nan. Mu da muka haura arba'in, da duk mai hawan jini ko ciwon sukari, mu je a auna mu tukuna kafin mu kama mariƙi.

Abinci kuma ba sai na gwangwani mai tsada ba. Masana sun ce mai neman gina tsoka yana buƙatar kimanin giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, watau wajen giram 110 ga mai kilo 70. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, ga kifi da nama da wake da shinkafa da ƙosai da gyaɗa da wagashi da nono, duk a bakin ƙofarmu. Abin da muke roƙon samarinmu su guje wa shi ne ƙwayoyi da alluran sitiroyid da ake sayarwa a ɓoye. Suna ɓata hanta da zuciya, suna rage ƙwayar haihuwa, suna iya fito wa namiji da nono, kuma masu shan su sun fi fuskantar yagewar jijiyar nan da muka ambata. Haka nan mai kitse a ƙirji ya sani cewa turi ba ya narkar da kitsen wuri ɗaya. Sai jiki duka ya ragu ta hanyar abinci da tafiya.

Iyaye sukan tare mu a makaranta suna tambaya ko ɗaga ƙarfe yana hana yaro tsawo. Binciken likitoci bai nuna haka ba, muddin nauyin kaɗan ne kuma akwai babba a tsaye yana lura. Haɗarin da ya fi kusa shi ne na ƙananan yara a gidajenmu na haya, inda injin ke tsakar gida kowa yana wucewa. Allunan nan suna iya murƙushe yatsan yaro a ƙiftawar ido. In an gama, a zare ƙusar a adana ta inda yaro ba zai kai ba, a rufe injin. Kowane mako a bi igiyar da ido da hannu. In robarta ta tsage ko silin waya ya fito, a canja ta, kada a ɗaure. Ƙurar hunturu a arewa da iskar teku a Ankara duk abokan gaban ƙarfe ne, don haka a riƙa gogewa ana sa mai. Mai sayen na gwanjo ko na walda ya girgiza shi da kyau, ya duba igiya da tayoyi kafin ya fitar da sidi ko ɗaya.

Wanda ba shi da halin saye kuwa kada ya ci bashi. Turin ƙasa da tafin hannu, wanda muke koya wa yara a filin makaranta, tsokar nan ɗaya yake ginawa, kuma duk ƙa'idojin da muka lissafa suna aiki a kansa. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya rubuto wa wannan fili ta hannun edita. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba motsin baya da kafaɗa a kan wannan inji. Mu kwana lafiya.